Wane Harsashi Ya Dace da Kafaɗa Mai Ciwo?

Duk mai ciwon kafaɗa da ya zo neman shawara kan bindiga, tambayarsa ɗaya ce: wace lambar harsashi ce ba ta naushi, wato dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa in ta tashi? Sai wannan ya ce masa .243, wancan ya ce 6.5 Creedmoor, ya je ya zube kuɗinsa, bayan ɗan lokaci ka ji ya jingine ta a bayan ƙofa. Lambar da ke jikin kwalin harsashi kashi ɗaya ce kawai cikin uku. Na biyu nauyin bindigar da za ta harba shi, na uku yawan harbin da za ka yi a zama ɗaya. Wanda ya faɗa maka lamba bai tambaye ka waɗannan biyun ba, rabin magana ya yi maka.

A Makka aka haife ni, a Jidda nake zaune. Kafaɗata ta dama ta tafi ne a hidimar alhazai, shekara da shekaru ana cilla jakunkuna saman bas, har wata jijiya ta yage aka yi mini aiki. Ban bar harbi ba, salon ne na sauya.

Wane ciwo ne tukuna?

Cututtuka da yawa ne muke haɗawa mu ce musu ciwon kafaɗa, kuma ba abu ɗaya ke tayar da su ba. Kan ƙashin dantse yana zaune ne a wani gurbi marar zurfi, jijiyoyi huɗu suka lulluɓe shi suna riƙe da shi. Idan ɗaya ta yage, galibi ta saman, abin da ke zama azaba shi ne ɗaga hannu da riƙe abu mai nauyi nesa da jiki. Irin wannan mutum, sau da yawa ɗaukar bindigar ya fi naushinta cutar da shi. Wanda kuwa kafaɗarsa ta taɓa gocewa, ko aka ɗinke masa leɓen gurbin, dukan da ke tura kan ƙashin dantsen zuwa baya shi ne abin gudu. Akwai wanda ya karye a ƙashin da ya taso daga wuya zuwa kafaɗa aka sa masa ƙarfe; shi matsalarsa inda gindin bindiga ke zama ne, don fata ce kawai tsakani. Sai masu kafaɗar da ta ƙage, wanda ya fi yawa a wurin masu ciwon suga, da kyar suke iya buɗe gwiwar hannu su rungumi bindigar.

Likitan ƙashi ba lallai ne ya san bambancin .223 da .308 ba, don haka kada ka tafi masa da lambobi. Ka tashi tsaye ka gwada masa yadda kake riƙewa, ka ɗora yatsa a daidai inda gindin ke zama, ka ce, "Likita, nan abin yake duka, kamar sau talatin a yini, ina zaune a kujera." A nan zai iya ba ka amsa. Wanda aka ɗinke wa jijiya yakan yi sati 4 zuwa 6 hannu a rataye, jijiyar na bukatar kamar wata 3 kafin ta kama ƙashi, aikin ƙarfi kuwa sai wajen wata 6 ko fiye. A cikin wannan tsakanin babu lambar da ta dace, sai wadda likita da mai gashin ƙashi suka sa wa hannu. In kana shan maganin tsinka jini, ko an dasa maka na'urar bugun zuciya a ƙirji, wannan ma ka faɗa, domin ba a ɗora gindin bindiga a kan na'urar.

Me za ka harba da ita?

A Saudiyya amsar ta fi sauƙi fiye da yadda muke son yarda. Barewa da mariri da akuyar dutse duk an hana harbinsu a daji, kuma jami'an tsaron muhalli ba sa wasa da tara. Abin da Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa ke buɗewa shi ne farautar wasu tsuntsaye da take lissafawa kowace shekara, da izinin da ake cirewa ta manhajar Fitri, a 'yan shekarun nan daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Janairu. Shozan, mai watsa ƙwayoyi, ba ta cikin abin da aka yarda a yi farauta da shi. Haramin Makka da na Madina ba sai an tuna wa ɗan gida ba, mai ihrami kuma Suratul Ma'ida ta gama magana a kansa. Lasisin mallaka daga Ma'aikatar Cikin Gida yake fitowa, kuma na ɗan ƙasa ne. 'Yan'uwanmu masu igama, wato takardar izinin zama, hanyarsu ita ce filin harbi mai lasisi, su karɓi ta wurin su yi, su mayar.

Ke nan mafi yawanmu takarda muke hudawa, ko mu buga faranti na ƙarfe, a mita 25, 50 ko 100. Takarda kuwa ba ruwanta da ko .308 ce ta huda ta ko .22. Amma ka je baje kolin shaho da kayan farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, ka tsaya ka ga inda jama'a suka fi taruwa: wurin .300 Winchester Magnum da ire-irenta. Da ido ake sayen su. Mai lafiyar kafaɗa ya saya ya more, ba ni da ta cewa. Kai da ke kwana da ciwo, daidai ruwa daidai tsaki.

Sai dai wanda ke fita waje farauta, ko yake zuwa keɓaɓɓen gandu mai lasisi. Shi doka da tausayin dabba sun sa masa iyakar da ba zai sauka ƙasa da ita ba. A Ingila, alal misali, yawancin nau'in barewarsu ba a harbinsu da abin da bai kai .240 ba. Ƙasashen Afirka da dama kuma sun sa .375 a matsayin mafi ƙanƙanta ga ɓauna da giwa. In kafaɗarka ba za ta ɗauki .375 ba, farautar ɓauna ce ta wuce ka. Kada ka je ka raunata dabba da ƙaramin harsashi.

Lissafin naushi

Duk abin da ya fita ta baki, harsashi da iskar albarushi, sai bindiga ta rama shi ta baya. Lissafin ba wuya. Ka ninka nauyin harsashi da gudunsa. Ka ninka nauyin albarushi da gudun iskarsa, wanda ake ƙiyastawa kusan mita 1,400 a sakan. Ka haɗa biyun, ka ninka jimlar da kanta, ka raba da ninki biyu na nauyin bindigar. In ka yi da kilo da mita, abin da ya fito jul ne, wato ma'aunin ƙarfin dukan. Jadawalin Amurkawa da fut-fam suke rubutawa, kowane ɗaya jul 1.36 ne. Nauyin harsashi kuma da giren ake rubuta shi a kwali, giren 100 giram 6.5 ke nan.

Mu ɗauki bindiga mai kilo 3.6 har da madubin saitinta, mu gwada ta da harsasai daban-daban. Da .22 LR naushin bai kai ko rabin jul ba. .17 HMR da .22 Magnum ma duk ƙasa da jul ɗaya suke. .223 Remington mai giren 55, wanda ke fita da gudun kusan mita 990 a sakan, yana ba da wajen jul 5. .243 Winchester mai giren 100 ya haura zuwa 12 ko 13. 6.5 Creedmoor mai giren 140 wajen 17, 7mm-08 ma nan kusa. .308 mai giren 150 wajen 22, .30-06 mai giren 180 tsakanin 27 da 30, .300 Magnum ya wuce 35, .375 H&H kuwa 50 ne ko fiye. Masana harbi sun daɗe suna cewa wajen jul 20 ne iyakar abin da yawancin masu lafiya ke jurewa ba tare da harbinsu ya lalace ba. Masu lafiya fa aka ce.

Duba tazarar da ke tsakanin .223 da .243. A rubuce kamar 'yan gida ɗaya ne, amma naushin ya ninka fiye da sau biyu. Dalili kuwa, .243 da Winchester ta fitar a 1955 kwanson .308 ne aka matse wa wuya, cikinsa na cin albarushi kusan giren 40, na .223 kuwa wajen 25. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa .243 bindigar yara ce. Harbi uku a daji, na'am, ba komai. Kwali biyu a kan tebur da kafaɗar da aka ɗinke, wata magana ce daban. Ga shi kuma tana saurin cinye cikin bututu fiye da .223 ko .308.

6.5 Creedmoor, wadda Hornady ta fito da ita a 2007, ta yi suna da sauƙin naushi, kuma gaskiya ne in .308 ko .30-06 aka gwada ta da su. Harsashinta siriri ne dogo, iska ba ta cika kaɗa shi ba, yana riƙe gudu a nesa. Amma jul 17 ba wasa ba ne, ya ninka na .223 fiye da sau uku. Ita ce rufin da nake sa wa mai ciwon da ya warke sarai kuma yake bukatar harbin dabba mai ɗan girma. Ba da ita ake farawa ba.

Ni a ganina, mutum tara cikin goma a cikinmu .22 LR da .223 sun ishe su. .22 LR tun 1887 take, kuma har yau da ita ake gasar mita 50 a Olamfik. Harsashinta giren 40 ne, yana tafiya wajen mita 330 a sakan, shi ne mafi arha, kuma kana iya harba ɗari ka tashi kafaɗa ba ta san an yi ba. Kada ka raina ta. In ka daidaita saiti a mita 50, kafin ya kai mita 100 ya sauka kusan santimita 20, iska kaɗan kuma ta ture shi gefe, don haka tana koya maka karatun iska da nisa fiye da manyan. Idan ka fara marmarin ƙara da nisa, .223 za ta kai ka mita 300 cikin kwanciyar hankali, har ta wuce in bututun ya dace. Tsofaffi irin .22 Hornet da .222 Remington ma suna da laushi ƙwarai, sai dai ka fara tambayar ko za ka riƙa samun harsashinsu.

Wanda ya riga ya mallaki .308 kuma ba ya son rabuwa da ita, akwai harsashin da aka rage wa ƙarfi tun daga masana'anta, irin Custom Lite na Hornady da Managed-Recoil na Remington, masu giren 125 maimakon 150 ko 180. Suna sauke naushin ƙwarai. Saiti ne kawai zai sauya, sai ka sake daidaitawa.

Nauyi: nan ake yin kuskuren saye

Mai ciwon kafaɗa ya shiga kanti, hannunsa da kansa yake zuwa kan bindiga mafi sauƙin ɗauka. Ya ɗaga ya ji ba nauyi, ransa ya yi fari. Alhali a lissafin nan da nauyin bindiga ake rabawa, wato duk yadda ta ragu haka naushin ke ƙaruwa. .308 ɗin da ta ba da jul 22 a kilo 3.6, a bindiga mai kilo 3 za ta ba da sama da 26, a mai kilo 4.5 kuma ta sauko ƙasa da 18. .243 a 'yar siririyar bindiga mai kilo 2.7 tana kai jul 17. Ka gani ke nan: ƙaramar lamba a bindiga marar nauyi ta yi kunnen doki da babbar lamba a mai nauyi.

To amma wanda jijiyarsa ta sama ta yage, kilo 4.5 a tsaye, hannu a miƙe, shi ne ainihin abin da likita ya hana shi. Yaya ke nan? Mafita ita ce kada ka ɗauki nauyin da kanka. Ka sayi mai kaurin bututu, ka sa mata ƙafafu biyu a gaba ko ka ɗora ta a kan jakar yashi, wata ƙaramar jakar a ƙarƙashin gindin. Tebur ya ɗauki kilo, kai ka ɗauki abin da ya rage na naushi. Daga mota zuwa tebur kuma a akwati mai taya, ko ka rataya a kafaɗar da ke da lafiya. .223 a bindiga mai kilo 4.5 ba ta kai jul 4 ba, har kana iya kallon inda harsashinka ya sauka ta cikin madubi. Irin Tikka T3x Lite, mai wajen kilo 3, an yi ta ne don mai yini yana hawan dutse. Wanda zai zauna a inuwa yana huda takarda, 'yar'uwarta mai kaurin bututu ta fi masa.

Jul kuma ba shi kaɗai ne abin da jiki ke ji ba, akwai saurin da dukan ke zuwa da shi da faɗin wurin da ya sauka. Wanda ya taɓa ɗawafi a goman ƙarshe na azumi ya san bambancin turin jama'a, wanda ke tafiya da kai gaba ɗaya, da gwiwar hannun mutum ɗaya da ta same ka a haƙarƙari. Bindiga mai nauyi turi take yi, marar nauyi gwiwar hannu. Dattawanmu da suka zauna Sudan, Mai Wurno da Gadarif, suna yawan ba da labarin abu ashara, wato Lee-Enfield mai cin .303, da yadda take barin tabo a kafaɗa. A lissafi ba ta ma kai .308 ta yau ba, don tana da kusan kilo 4. Gindinta ne siriri, kuma farantin tagulla ko ƙarfe ne a jiki.

Don haka abu na farko da za ka sauya shi ne matashin gindin. Na roba mai laushi da faɗi, irin Limbsaver ko Pachmayr Decelerator, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma aikinsa a bayyane yake. Ka tuna masu rubuta yawancin shawarwarin nan a ƙasashen sanyi suke harbi, cikin riga kan riga. Mu kuwa tob ce fara sal da singileti, ba abin da ke tsakanin gindin bindiga da ƙashi. Akwai matashin da ake ɗaurawa a kafaɗa, ka sa shi ko da wani zai yi maka dariya. In ka ƙara matashi mai kauri, ka duba tsawon da ke tsakanin kunama da ƙarshen gindi. Yawancin bindigogi wajen santimita 34 suke zuwa da shi. In ya yi maka tsawo, dole ka miƙa hannu, gindin kuma ya zame ya koma kan ƙwallon kafaɗa, daidai inda ba a so.

Inda ake so shi ne ɗan kwarmin da ke tsakanin ƙwallon kafaɗa da ƙirji, ƙasa da ƙashin wuya. Ni har ɗan matsowa nake yi da shi ciki, ya zauna a kan naman ƙirji, in fuskanci abin harbin da ƙirjina maimakon in karkace. Kuma a matse take, ba sako-sako ba. Mai tsoron naushi yakan ɗan janye kafaɗarsa, sai bindigar ta samu filin gudu kafin ta same shi, dukan ya fi zafi.

Zama ma da nasa. Kwanciya rub da ciki ta fi kowane cutarwa, don jiki ba shi da inda zai ja da baya, gindin kuma kan ƙashi yake hawa. Sunkuyawa a kan gajeren tebur ita ke biye. Ka ɗaga jakar yashin, ko ka sauke kujera, har bayanka ya miƙe, yadda in ta tashi jikinka duka zai ɗan yi baya ya dawo.

Akwai ƙarfe mai huda a gefe da ake ɗaurawa a bakin bindiga, yana karkatar da iskar albarushi. A manyan lambobi yana iya rage naushi da kashi ɗaya cikin uku, wani har kusan rabi. Farashinsa ƙara ce. Na kusa da kai zai ji kamar an mare shi, kai ma sai ka haɗa toshiyar kunne ta ciki da ta waje. A .223 mai nauyi ban ga bukatarsa ba.

Wani abu da ba a cika kulawa da shi ba: jan sakata. Kowane harbi sai ka ɗaga hannun sakatar, ka ja baya, ka tura, ka sauke, kuma da kafaɗar mai ciwo kake yi. Ka gwada wannan a kanti sau goma a jere, gindi a kafaɗa. Ta CZ 457 digiri 60 take ɗagawa, ta Tikka T3x 70, wasu kuwa 90 cur. Mai ɗura kanta, irin Ruger 10/22, ta ɗauke maka wannan aikin baki ɗaya. In kuma likita ya ce kafaɗar dama ta gama nata, komawa hagu ba abin kunya ba ne. Da madubin saiti da .22 LR, hannu yana sabawa da wuri fiye da yadda ake zato.

Saktun

Tunda tsuntsu ne abin da aka buɗe mana, bindigar iska, wadda a nan ake kira saktun, ita ce abokiyar fita ga yawancin mutane, kuma kowa ɗauka yake ba ta da naushi, don haka ba ruwanta da kafaɗa. A nan sai a yi hattara. Mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana, irin tsofaffin Diana da Gamo da muka taso muna gani, ɗanawar ce matsala. Masu ƙarfin cikinsu sai ka sa ƙarfin kilo 15 zuwa 20, hannu a miƙe yana jawowa ƙasa, kuma kowane harbi sai ka sake. Ga wanda jijiyarsa ta yage, wannan ya fi naushin .243 illa. In ta tashi kuma girgiza biyu take yi, baya sannan gaba, wadda har madubin saiti take lalatawa.

Wadda ta dace ita ce mai tulun iska, PCP. Ana cika ta da iska har matsinta ya kai bar 200 ko fiye, ka yi harbi da dama kafin ka sake cikawa, ɗanawarta da yatsa biyu ne, naushi kuwa kusan babu. Amma kada ka haɗa ta da famfon hannu, don aikin da ka gudu ne zai dawo ta taga. Ka nemi babban tulu irin na masu nutso, wanda a Jidda cika shi ba wuya, ko injin cikawa. Iska zalla ake sa mata, ba a kusantar ta da iskar oksijin ko kaɗan. Milimita 4.5 don takarda, shi ne na gasar mita 10, 5.5 don tsuntsu. Ita ma da lasisinta.

Gwaji kafin saye

Kafin ka sayi komai, ka je filin harbi ka yi haya. Kada ka sha maganin kashe zafi kafin ka tafi, domin zafin shi ne ma'auninka. Ka fara da .22 LR, harbi ashirin, ka tashi ko da kana jin daɗi. Kafaɗa ba ta cika ba da amsa nan take ba, sai dare ko washegari. Da asuba ka lura: hannu ya kai kunne a kabbarar farko ba tare da ka cije ba? A sujada ka iya dogara da shi? Sa riga fa, da miƙa hannu ka ɗauko abu a kujerar baya ta mota? In duk lafiya, ka bar kwana biyu, ka koma ka ƙara. Sai ka yi haka ya zauna sannan ka taɓa .223, ita ma da biyar za ka fara, ba da kwali ba. Ɗan tsamin jiki da ya wuce kafin azahar ba komai ba ne. Ciwon da ya tashe ka daga barci, ko hannu ya yi sanyi ya rasa ƙarfi, ko ka ji tsiko-tsiko har yatsu, wannan ka tsaya, ka koma wurin likita.

Akwai kuma gwajin da ba kai za ka yi wa kanka ba. Wani dattijo daga Madina ya zo filin da nake zuwa da .308 marar nauyi, yana ta kukan madubin ya lalace, harbinsa duk ƙasa yake sauka. Mai horarwa ya karɓi bindigar, ya juya baya, ya ɗura masa, amma a na uku sai ya sa harsashin roba, wanda ba ya tashi. Na farko ya tashi, na biyu ya tashi. A na uku kunama ta yi ƙas, ba ƙara ba hayaƙi, amma muna kallo idon Alhaji ya rufe, kafaɗarsa ta zabura gaba, bakin bindiga ya duƙa kamar taƙi guda. Mai horarwar ya ce, "Baba, madubinku lafiyarsa ƙalau. Jikinku ne ke tare dukan tun bai zo ba." Wannan zaburar ita ce alamar lambar ta fi ƙarfinka, kuma ga mai ciwo ta fi haɗari, don tsokar da ta ɗaure kafin duka ita ke jan jijiyar da aka ɗinke. Ka sa wani ya yi maka haka da kowace lambar da kake tunanin saye. Wadda bakin bindiga ya tsaya cak a kan harsashin roba, ita ce taka. Rabin zaburar ma daga kunne take zuwa, shi ya sa wani in ya ninka toshiyar kunne sai ka ga ya natsu.

In ka tsaya a kan .223, ka duba abu biyu da aka rubuta a jikin bututun ko a takardarta. Na farko murɗin cikinsa, wanda ke juya harsashi: 1:12, wato juyi ɗaya a kowane inci 12, na harsasai marasa nauyi ne, irin giren 55, 1:8 kuwa yana ɗaukar har giren 69 da 77, waɗanda suka fi jure iska a nesa, naushin kuma ɗan kaɗan ya ƙaru. Na biyu, in .223 Remington kawai aka rubuta, kada ka ɗura mata harsashin da aka rubuta wa 5.56, ko da ya shige daidai, domin matsinsa na iya wuce abin da aka yanka ɗakin harsashin dominsa. Kuma kada kwalin harsashi ya yini a bayan mota a ranar Yuli. Albarushin da ya ɗau zafi matsinsa ƙaruwa yake, gudu ya ƙaru, saitin da ka daidaita da sanyin safiya ya kauce. Tulun PCP ma haka, a shigar da shi ɗaki.